Tashoshin Habibu Goma Sha Ɗaya

Habibu Abdurrahim ba ya cin ful, dafaffen waken da Misirawa ke karyawa da shi, a bakin titi. Wanda ya taɓa zama a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da safe rabin unguwar a gindin keken mai ful take tsayawa, kowa da gurasarsa a hannu. Shi sai ya kau da kai ya wuce. Ya ce ya taɓa ganin mai ful ya fyace hanci da hannun da yake yanka albasa, tun daga ranar ya sallama. Da kofinsa yake zuwa wurin mai shayi, a naɗe cikin hankici. 'Yan'uwansa mutanen Sudan sun yi tsokanar har sun gaji sun ƙyale shi.

Na san shi ne a masallacin layinmu, lokacin ina ɗalibi a Alƙahira. Ya ji ina waya da Hausa a bakin ƙofa, ya jira na gama, ya gaishe ni da wata Hausa mai nauyi wadda ta sha Larabcin Sudan. Siririn mutum ne, ya haura arba'in, farcensa kullum a yanke tas. Abin da zan ba da labari, wani daga bakinsa na ji, wani daga bakin matarsa Awadiyya, kaɗan kuma na gani da idona.

Kakanninsa mutanen Haɗeja ne da suka taso aikin hajji a ƙasa, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. An haife shi a wata 'yar tashar jirgin ƙasa tsakanin Sinnar da Gadarif, inda mahaifinsa yake aikin juya layi. Tashar ɗaki uku ce da baranda, da randa biyu a ƙarƙashin rumfa, da ƙararrawa. Yana yaro jirgi na tsayawa sau biyu a mako. Yana saurayi ya koma sau ɗaya a wata, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. Tsohon bai bar share dandamali ba har ya rasu, bayansa mutane suka ciccire ƙofofi da tagogi suka tafi da su. Habibu ya koyi gyaran agogo a Gadarif, ya yi aure, a shekarar 2004 ya shigo Masar da Awadiyya da 'yarsu Malaz tana goye.

Aikin da ya samu a Hadayek el-Maadi yake, a wani ɗaki na ƙarƙashin bene, wurin wani injiniya da ake kira Bashmuhandis Sabri. Sana'arsu haɗa maket, wato ƙaramin samfurin gini ko unguwa da ake shimfiɗawa a kan tebur a rufe da gilashi, domin mai saye ya ga yadda wuri zai kasance kafin a aza tubali. Shara aka ɗauke shi yi. Wata rana barandar wani ɗan bene ta ɓalle ana gab da zuwa ɗaukar aikin, ma'aikata uku suka gwada mayar da ita suna ƙara ɓata wurin da gam. Habibu ya ajiye tsintsiya, ya zaro hantsakinsa na gyaran agogo daga aljihu, ya mayar da ita ba ko tabo. Washegari aka ba shi tebur da fitila.

Shekara shida yana wannan aikin. Kullum da safe ya tsallake layin dogon da ya raba Ard al-Liwa da Muhandisin, wani lokaci ya tsaya jirgin kudu ya wuce maƙare da mutane har a bakin ƙofa, sannan ya nemi metro, jirgin cikin birni. Sabri bai taɓa zaginsa ba, kuma wannan a wurin Habibu ya isa dalilin zama.

Da aka yi juyin juya hali a farkon 2011, gine-gine suka tsaya, aikin maket ya tsaya tare da su. A cikin watannin nan ne wani tsohon shago a tsakiyar gari ya rufe. Shagon yana sayar da ƙananan jiragen ƙasa da kayansu, irin waɗanda Turawa da wasu dattawan masu hali ke shimfiɗa wa layi a falo suna kallo suna zagayawa. Masu sayen sun watse, mai shagon ya tattara komai ya sayar wa Sabri. Abin da Sabri yake so a ciki shi ne 'yan bishiyoyi da motoci da mutanen roba, domin da su ake ƙawata maket. Sauran kwalayen da ba shi da amfani da su ya sa aka jibge a lungu.

Rashin aikin yi ne ya sa Habibu ya buɗe ɗaya. A bayan kwalin akwai hoton wata 'yar tashar fasinja, dutse mai ƙanƙara a bayanta. A ciki kuma sassan roba ne, ja da fari da ruwan toka, kowanne a manne jikin wani firam kamar 'ya'ya a reshe: bango huɗu, rufi, tagogi da ba su kai farcen ƙaramin yatsa ba, benci, agogon bango, har da tagar sayar da tikiti. Takardar bayanin da Jamusanci take, bai iya karanta ko kalma ɗaya ba, amma zanen ya wadatar. Ya ɗaure hanci da hankici saboda warin gam, ya ɗauki reza ya fara yanko sassan ɗaya bayan ɗaya yana kankare bakinsu.

Bai haɗa ta yadda take a hoton ba. Rufin ya yi masa tsini da yawa, ya rage shi. Tukwanen furen da ke jikin tagogi ya ajiye su gefe. Ya shafe bangon da fenti ruwan ƙasa, ya nemo duwatsun carbi biyu ya mayar da su randuna a ƙarƙashin rumfa. Kwana tara ya yi a kanta. Da ya gama ya ɗora ta a kan kanta sama da teburinsa, bai ce wa kowa komai ba, ba kuma wanda ya tambaya.

A tsakiyar 2012 aiki ya dawo. Babban aikin da ya fara shigowa na wani attajiri ne wanda ba zan kama sunansa ko na kamfaninsa ba. A wurin aikin Hajji kawai suke ce masa. Unguwa yake son ginawa a cikin sahara, yamma da birni: gidaje ɗari uku, masallaci, makaranta, da tafki a tsakiya. Suka yi wata biyu suna haɗa maket ɗin. Ranar da Hajji zai zo gani, Sabri ya zagaya teburin ya ga kusurwa ɗaya fayau, don a zanen injiniyoyi ba a sa komai a wurin ba. Bishiyoyi kuma sun ƙare. Ya ce wa Habibu ya nemi ko mene ne ya toshe wurin na yau kaɗai, kada ido ya faɗa a kan katako tsirara.

Habibu ya ɗaga kai ya ga tasharsa. Ya sauko da ita, ya hure ƙura, ya ajiye ta a kusurwar, ya shimfiɗa mata guntun layi kamu guda a gaba. Ba ta ma dace da wurin ba, domin ƙofarta ta fi ƙofofin gidajen tsawo. A ransa da yamma zai mayar da ita kan kantar.

Hajji ya shigo da ledar lib a hannu, wato gasassun 'ya'yan kabewa da Misirawa ke ɓarewa da haƙori. Yana ɓarewa yana tofar da ɓawon inda ya ga dama, wani a ƙasa, wani a cikin tafkin maket ɗin da Habibu ya yi kwana uku yana gogewa. Ya zagaya sau ɗaya, sai da ya zo kan tashar ya tsaya. Ya dangwala yatsa mai yawu a rufinta, ya tambayi wanda ya sa ta. Sabri ya fara ba da haƙuri yana cewa yanzu za a cire. Hajji ya ce duk teburin nan babu abin da ya kai ta amfani, a sa mata fitila a ciki, a rubuta sunan unguwar a allonta. Da aka nuna masa Habibu, sai ya miƙa wannan hannun dai ya daddaɓa masa kumatu yana ce masa "ya samara", kiran da suke yi wa baƙar fata.

Habibu ya ce sau uku ya wanke fuskarsa da sabulu. Amma bai ɓoye min ba, ya ce ya ji daɗi a ranar, domin ba a taɓa tsayawa a kan aikinsa haka ba. Ya kuma raya a ransa cewa wataƙila layin dogo yana bi ta kusa da wurin, shi ya sa mutumin ya yi murna.

Bayan mako biyu aka sa shi ya raka maket ɗin zuwa ofishin sayarwa da ke can filin, don in wani abu ya ɓalle a hanya ya gyara. Tafiyar awa biyu ce. Suka tarar da ƙatuwar ƙofa mai zakuna biyu na siminti, da tutoci, da ofis mai sanyin na'ura. Bayan ƙofar babu komai sai yashi. Da ya gama aikinsa ya fita ya sami maigadin wurin, wani dattijo mutumin kudu, ya nuna masa zanen a takarda ya ce ya nuna masa inda wannan kusurwa take. Dattijon ya ce ya bi warin kawai.

Rami ne babba da aka ɗebi yashi a ciki, motoci suka mayar da shi wurin juye kayansu. Akwai baraguzan gini, akwai buhunan gashin kaji da hanjinsu daga wata gona, sun narke a rana suna tsiyaya. Wani mataccen jaki ya kumbura ƙafafu a sama, karnuka uku suna ja ta wajen cikinsa. Ƙudaje suka taso masa kamar hayaƙi. Ya juyo da sauri, bai kai ofis ba ya durƙusa ya amayar da abin da ya karya da shi. Da ya dawo hayyacinsa ya tambayi maigadin ta ina jirgi yake wucewa. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce shekararsa huɗu a nan bai taɓa jin kukan jirgi ba, layi mafi kusa sai an yi fiye da awa ɗaya a mota.

Ya shiga ofis neman ruwan kurkure baki, ya ga an riga an jera takardun talla a kan tebur. Hoton tasharsa ne a shafin farko, da randunanta, an rubuta a ƙasa cewa minti biyar ne a ƙafa daga ƙofar gidanka zuwa jirgi.

Washegari ya sami Sabri ya faɗa masa duk abin da ya gani. Sabri ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Mu roba muke mannawa, ya Habib. Ba mu muke sayar da fili ba." Ya ƙara da cewa shekara nawa suna dasa korayen bishiyoyi a maket ɗin wuraren da ko ruwan sha babu, bai taɓa jin Habibu ya yi magana ba, to me ya bambanta? Daga baya Habibu ya ce min bishiya ado ce, kowa ya sani, amma mutum in ya ga tasha lissafi yake yi: ƙarfe nawa zai fita aiki, yaya 'ya'yansa za su je makaranta, yaya tsohuwarsa za ta je asibiti. Ya ce shi ya san zaman tashar da jirgi ba ya zuwa, a ciki ya girma.

Abin bai tsaya kan Hajji ba. Wasu masu kamfanonin suka ga maket ɗinsa a wurin baje koli, suka fara zuwa suna cewa su ma a yi musu mai tasha. Kwalayen da aka jibge a lungu suka zama kayan daraja, Sabri ya sa aka kwashe su aka kulle a kabad. Saura goma ne, kowace da irin gininta: wata ta jan bulo, wata ta katako mai dogon baranda, wata mai ɗan bene a sama inda shugaban tasha ke kwana. Daga ƙarshen 2012 zuwa farkon 2014 Habibu ya haɗa su duka. Abokan aiki suka laƙaba masa Abu Mahaɗɗa, wato mai tasha, har masu kawo shayi suka ɗauka sunansa ke nan.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya kasa yin aikin banza. Sau ɗaya ya yi niyyar ɓatawa, ya manna taga a karkace, ya bar gam ya zubo a bango, da fatan mai aikin zai ce ba ya so. Ya zauna yana kallonta har azahar. Ya ce ji ya yi kamar an bar masa majina a gaban riga. Ya ɓalle tagar, ya kankare bangon, ya sake ta fiye da yadda take a hoton kwali.

Masu sayen kuma kowa da irin tasa. Wani ya ce a cika dandamalin da fasinjoji amma duk masu kwat da jakar hannu, kada ya ga mai jallabiya ko ɗaya. Wata mata da ke kula da tallan wani kamfani ta hango ɗan dako guda da Habibu ya shafa wa fuska ruwan ƙasa, yana tura amalanken kaya. Ta ce a cire shi, yana rage wa wurin aji. Habibu na tsaye a gefenta ta faɗi haka, shi ta miƙa wa ɗan mutumin a tafin hannu, ba ta ko kalle shi ba.

A gida ya fara barin abinci. Ya zauna gaban asida, tuwonsu na Sudan, da miyar kuɓewa, ya ɗan taɓa, ya ce warin gam yake ji a hannunsa ko bayan ya wanke. Awadiyya mai lalle ce, tana yi wa amare a Ard al-Liwa da Faisal, kuma mace ce da ba ta son magana mai tsawo. Ta tuna masa cewa katin gudun hijirar da suke zaune da shi ba ya ba mutum izinin aiki, mai ɗaukar irinsu kuma ya riƙe su da mutunci ba shi da yawa. Ranar da ta gaji ta ce masa, "Abu Malaz, ko ka bari ko ka yi shiru. Amma ba za ka riƙa zuwa kana kallon girkina kamar ni na yi maka laifi ba." Ya zaɓi na biyun, ya ci gaba da zuwa aiki.

A bazarar 2014 aka yi babban baje kolin gidaje a Madinat Nasr. Maket huɗu na Sabri suna wurin, dukkansu masu tasha, sai aka tura Habibu ya riƙa zagayawa yana goge gilashi yana canja ƙwan fitilar da ya mutu. A rana ta uku yana tsugune gindin teburin Hajji sai ya ji Hausa a kansa.

Muryar Malam Iliya ce. Mutumin Zariya ne, ya gama karatu fiye da shekara goma bai koma gida ba, ya zama tafintan masu zuwa asibiti da 'yan kasuwa. Habibu ya san shi a tarukan Salla da Hausawa ke yi a Abbasiya, ya ma sha yin salla a bayansa. Tare yake da wata babbar mace mai zobba a yatsu huɗu, Hajiya Yelwa, 'yar kasuwa daga Kano da ke sarin abaya. Malam Iliya yana nuna mata tashar da bakin biro, yana cewa daga nan minti ashirin jirgi zai sauke yaro a ƙofar jami'a, duk mai ɗa a Masar ya sami wurin nan ya huta. Har rantsuwa ya haɗa. Bai lura da mai goge gilashin ba, don ba a cika kallon mai rigar aiki ba.

Da Malam Iliya ya bi ɗan tallan kamfanin zuwa wani tebur karɓo takardu, Habibu ya miƙe. Ya ce ya san in aka gane abin da zai yi, aikinsa da na Sabri sun tafi. Ya gaishe ta da Hausa, ya ce:

"Hajiya, ki yi haƙuri, zan faɗa miki wata magana. Tashar nan ni na haɗa ta da hannuna, daga cikin kwali. Babu jirgi a wurin, babu layi. Na je na gani. Inda kika ga tashar nan juji ne."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Abin da ta fara tambaya shi ne inda ya koyi Hausa, da ko ɗan wane gari ne. Ya faɗa mata. Ta ce Allah sarki, ashe 'yan Haɗeja ne. Sannan ta yi 'yar dariya ta gyara mayafi.

"Malam, ka ɗauka ni yarinya ce? Shekara ashirin ina shigowa ƙasar nan. Ai ba zama zan yi ba. Mutanena a gida hoto suke so su gani."

Ta zaro waya daga jaka ta fara ɗaukar bidiyo, tana bin titunan roba a hankali har ta iso kan tashar. Ta tambaye shi ko fitilar ciki tana ƙara haske. Sannan ta ce ya ɗan matsa, rigarsa tana shiga hoton. Ya matsa.

Kafin a tashi Malam Iliya ya neme shi, ashe Hajiya ta ba shi labari tana dariya. Bai ɗaga murya ba. Ya ja shi gefe ya ce masa bai kamata Bahaushe ya shiga tsakanin ɗan'uwansa da abincinsa a ƙasar mutane ba. Ya jawo masa sunayen ciniki na fiƙihu da Larabci, ya ce sayar da abin da aka siffanta kafin ya samu malamai sun yi magana a kai, kuma wa ya san abin da hukuma za ta shimfiɗa nan da shekara goma? Habibu bai yi karatu mai zurfi ba, bai iya jayayya da shi ba. Ya tambaye shi abu ɗaya kawai, ko ya taɓa zuwa wurin. Malam Iliya ya ce ba sai ya je ba. Ya miƙa masa hannu suka yi musabaha, ya ce khalas, magana ta wuce. Tun daga ranar Habibu bai ƙara zuwa taron Abbasiya ba. In Salla ta zo, masallacin Misirawa na layinmu yake tsayawa.

Ya ce min ya daɗe yana tunanin ranar da zai faɗa wa wani gaskiya, yana ganin ranar nauyi zai sauka daga kansa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa wanda zai faɗa wa ya riga ya sani ba.

Mako guda bayan baje kolin ya isa wurin aiki ya tarar da mota tana sauke kaya. Sabri ya yi odar sababbin kwalaye daga waje, tashoshi arba'in, an jera su daga ƙasa har kusan rufi. Sabri yana murna, ya ce wannan karon har da masu gadar tsallake layi. Habibu ya tsaya ya kalle su. Bai cire rigarsa ta gida ba. Ya je teburinsa ya ɗauki hantsakinsa da rezarsa da gilashin ƙara girma na ido ɗaya, ya naɗe a hankici, ya ce wa Sabri shi ya gama. Sabri bai yi fushi ba, ya ma yi ƙoƙarin zaunar da shi a sha shayi. Da ya ga da gaske yake, ya ce ma'alish, ba komai, ƙofa a buɗe take duk ranar da ya sake shawara. Akwai wani ma'aikaci da ya daɗe yana kallon yadda Habibu ke yi, shi aka ba teburin a ranar.

Wata uku yana zaune, lallen Awadiyya ne ya riƙe gidan. Ba ta yi masa gori ba, sai dai ta ce tunda ya zauna ya riƙa kai Malaz makaranta, ya kuma gyara famfon kicin da ya shekara yana ɗiga. Daga baya wata mai shagon tabarau a babban titin unguwar, Madam Nadiya, ta ga yadda ya mayar mata da wata 'yar ƙusa da ta gagari kowa, ta ba shi tebur a bayan shagon. Nan yake gyara hannun tabarau da ya karye da gilashin da ya fita. Ƙyamarsa tana nan. Ya sha nuna min koren dattin da ke taruwa a inda tabarau ke zama a kan hanci, yana yamutsa fuska yana tambayar yadda mutum zai ɗora wannan a fuskarsa shekara biyu bai wanke ba. Kafin ya taɓa na kowa sai ya tsoma shi a ruwan sabulu mai zafi. Amma ya koma cin abinci, har ya ɗan yi kumatu.

A hutun 2015 na je gida Kano. Kwana biyu da saukata ƙanin mahaifiyata, Kawu Habu, ya aiko a kira ni. Tsohon ma'aikacin banki ne da ya yi ritaya, yana da 'ya'ya biyu da yake son turawa karatu Masar. Ya miƙo min waya ya ce tunda can nake zaune in duba masa wannan unguwa, an turo musu a wani zauren waya na tsofaffin abokan aiki, mutum shida sun riga sun sa suna. Bidiyon maket ɗin Hajji ne, ga tashar Habibu nan da randunanta. Na faɗa masa abin da na sani, har da ramin da jakin. Ya saurare ni yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce Hajiyar da ta kawo abin sananniya ce, maƙwabciyar surukarsa ce, ni kuma yaro ne, ban san yadda ake fara sabuwar unguwa ba. Ya ce ai ko Kano akwai wuraren da jiya juji ne yau ba ka isa ka saya ba. Na dawo Masar ban san abin da ya yanke ba, kuma da na tambaya a waya sai ya sauya magana.

Na je shagon Madam Nadiya na sami Habibu da gilashinsa a ido, yana ɗaure wata ƙusa. Na ba shi labari, na zaro waya zan nuna masa. Ya ɗaga hannu ya ce kada in buɗe. Ya ce tir, a hankali, ban san da wa yake ba. Wata tsohuwa tana zaune a benci tana jiran tabaranta, ido a ƙanƙance. Ya goge shi da ƙyalle, ya tashi ya sa mata a fuska da kansa, ya tambaye ta ko yana matse mata kunne.